Yadda za ka kimanta kuɗin tsohuwar libarba

'Yan uwa na Jos kun dame ni da tambaya kan libarbar gado, to ga shi.

1. Buɗe ta ka tabbatar babu harsashi.
2. Karanta sunan kamfani, in Webley Mark VI ce wadda sojan Ingila suka fara amfani da ita a 1915, tana da masoya.
3. Gwada lambobin da aka buga a sassan jikinta da juna, in sun saɓa an yi mata kwaskwarima, kuɗi ya faɗi.
4. Leƙa cikin bututun ka ga ko akwai tsatsa.

Kul, kar ka kankare tsatsa da sanfefa wai ta yi ƙyalli, nan ake tafka asara wallahi.

5. Duba nawa irinta ta tashi a gwanjon Ingila, ba farashin talla ba.
6. Nemi lauya kafin ciniki, riƙe ta ba lasisi ma laifi ne a Najeriya.