Salak ɗin kaza mai sanyi don kwanakin zafi

Idan watan Afrilu ya kama a Kano, zafi ya kai digiri 40, babu mai marmarin tuwo da rana tsaka a gidanmu. Yara su tsakura su ture kwano, maigida ya ce a ba shi ruwan sanyi kawai. A irin waɗannan kwanaki nake yin salak ɗin kaza. Asalinsa abincin Turawa ne, amma babu abu ɗaya cikin kayan haɗinsa da ba za ki samu a kasuwar unguwarku ba, kuma wuta sau ɗaya kawai za ki kunna, da sassafe kafin kicin ya ɗauki zafi.

Kazar ita ce komai, don haka a kanta zan fi daɗewa. Ki nemi ƙirjin kazar gidan gona guda 2, wajen rabin kilo ke nan. Ina son kazar Hausa ƙwarai a farfesu, amma a nan ba ta dace ba, namanta yana da tauri, idan ya yi sanyi kuma sai ya ƙara tauri. Ki sa naman a tukunya, ki zuba ruwan sanyi ya ɗan rufe shi, ki jefa rabin albasa, tafarnuwa ƙwaya 2 da kika daddaka, ɗan yankin citta ɗanya, gishiri da dunƙulen magi ɗaya. Da zarar ruwan ya fara tafasa, ki rage wuta sosai, har ya zama ƙananan kumfa ne kawai ke tasowa daga gefen tukunya. Ki bar shi haka minti 12 zuwa 15, ki kashe wuta, ki bar murfin a rufe na wasu minti 10. Tafasa mai ƙarfi ita ke mayar da ƙirjin kaza ya bushe ya zama kamar zare a baki. Ki yanka wurin da ya fi kauri ki duba: ya zama fari tas har ciki, ruwan da ke fita ba ja a jikinsa. Idan kina da ma'aunin zafin abinci, digiri 74 ake nema. Romon kuma kada ki zubar, gobe ki dafa shinkafa da shi.

Sai naman ya huce gaba ɗaya kafin ya haɗu da miyar salak. Ranar da na fara yin wannan abinci ina da baƙi, ina sauri, na juye mayonis a kan kaza tana tururi. Nan take ya tsinke, mai ya taso ya kwanta a gindin kwano, dole na ajiye shi na dafa taliya. Tun daga ranar nake baza naman a faranti ya sha iska na ɗan lokaci, in yayyage shi da hannu, in sa a firiji kamar rabin awa. Na fi son yagewa a kan yankawa da wuƙa, domin miyar ta fi kama jikin naman da aka yage.

Miyar kuwa ba mayonis zalla nake yi ba, yana da nauyi a ciki lokacin zafi. Babban cokali 4 na mayonis, irin su Bama, nake haɗawa da cokali 3 na kindirmo. Kindirmon nan shi ke kawo ɗan tsami da sanyin da ake so. Sai dai yana da ruwa, saboda haka nake zuba shi a farin ƙyalle mai tsabta in ɗora kan rariya a cikin firiji na awa ɗaya, ruwan ya tsiyaye ya bar mai kaurin. Ki saya a wurin mai nonon da kika yarda da tsabtarta, wadda kika san tana dafa madararta. Idan babu, yogot na kanti marar suga zai yi. Ki matse rabin lemun tsami a ciki, ki sa masoro da ɗan gishiri, ki juya, ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji shi ya ɗan fi yadda kike so ƙarfi, domin sanyi yana dushe ɗanɗano.

Kokwamba ɗaya za ki tsaga gida biyu, ki kankare 'ya'yan da cokali, ki yanka ƙanana, ki barbaɗa gishiri ki bar shi minti 10, sannan ki matse da hannu. Za ki yi mamakin yawan ruwan da zai fito, kuma wannan ruwan ne da ya tsinka miki salak kafin a zauna ci. Albasa ƙarama ki yanka siri-siri ki jiƙa a ruwan sanyi don yajinta ya ragu. Karas ɗaya a goge. Ina ƙara tuffa koriya guda ɗaya, a yanka a shafa mata lemun tsami kada ta yi baƙi. Ƙanwata ba ta son zaƙi a cikin abincin gishiri, ita koren tattasai take sawa a madadinta, kuma yana yin daɗi.

Ki haɗa komai a kwano mai faɗi, ki juya a hankali, ki rufe, ki mayar firiji aƙalla awa ɗaya. Latas ba na cakuɗa shi a ciki, yana yin laushi ya yanƙwane. Wanke shi nake yi da kyau da ruwan gishiri, in tsane, in shimfiɗa a faranti lokacin ci, in ɗora salak ɗin a kai. Soyayyiyar gyaɗa da aka ɗan daka ita ma sai a ƙarshe ake barbaɗawa don ta riƙe ƙarar ta a baki. Mu da gurasa muke ci, yara kuma sun fi so a cusa musu cikin biredi. Wannan adadin yana isar mutum 4.

Maganar da nake so ki riƙe da muhimmanci, 'yar'uwa, ita ce ta ajiya. Kaza da nono da mayonis ba sa jure zafi. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal, mu kuwa a bazara kusan kullum mun haura haka. Ki ɗebi iya wanda za a ci, sauran ya koma firiji nan take. A firiji mai sanyi sosai yana kai kwana 3. Idan wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki yi daidai cin rana ɗaya. Ni ranar da aka ɗauke wuta, ƙanƙara nake aika a sayo, in jera a kula, in ɗora kwanon a kai a rufe har zuwa azahar lokacin da yara ke dawowa daga makaranta.