Yadda za ka gyara hoton dipi ɗinka in kana sana'a a waya

Shekaru biyu da suka wuce wata Hajiya daga Yola ta yi min magana a WhatsApp tana son hula zanna guda goma sha biyu na bikin ɗanta, mun gama ciniki tsaf, na tura lambar akawun, sai shiru. Kwana biyu ba alat ba magana. Da na sake taɓo ta sai ta ce, "Malam kar ka ji haushi, na buɗe hotonka na ga Bature da rigar ƙwallo, sunan da ke jikin lambar Sarkin Yaƙi, akawun ɗin da ka turo kuma wani suna daban, to ni wa zan tura wa kuɗina cikin mutum ukun nan?" Wallahi rasa ta cewa na yi. Kulob ɗinmu ne ya ci wasa na ɗora hoton ɗan wasan don in tsokani abokai, na manta ban sauke ba, wata uku yana nan. Hulunan dai a wajen wani ta saya.

In mutum ya shigo Kantin Kwari ko Farm Centre sayayya yana ganin shago da lambarsa, yana ganin maƙwabcinka, ya san in kaya suka ba shi matsala gobe zai dawo ya same ka a zaune. Wanda ke Yola ko Maraɗi ko Kumasi fa, da zai fara tura kuɗi sannan ya jira direba ya kai masa kaya tasha? Ba abin da yake gani naka sai ɗan zagayen hoton nan da ke saman hira, wato dipi. Kuma ba daɗewa ido ke yi kafin ya yanke hukunci ba, a 2006 wasu masana biyu a jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun nuna wa mutane fuskoki na kashi ɗaya cikin goma na sakan kacal, sai ga shi abin da suka ce a kan ko mutumin abin yarda ne ya zo kusan daidai da na waɗanda aka bari suka kalla son ransu. Ƙiftawar ido ke nan fa.

To bari mu shiga aikin. Ba sai kana da iPhone ba, da Tecno ɗina na ɗauki nawa.

Haske shi ne kusan komai, don haka a nan zan daɗe. Kar ka yarda a ɗauke ka da tsakar rana a fili, rana tana tsakiyar ka idanunka za su faɗa rami, inuwar hula ta rufe goshi, ga yamutsa fuska kamar wanda ake bi bashi. Ka bari sai da safe kafin tara ko bayan la'asar sakaliya. In ba ka da wannan lokacin ka tsaya a bakin ƙofar zaure ko ƙofar shago daga ciki, fuskarka tana kallon waje, mai ɗauka ya tsaya a waje ya ba rana baya, hasken da ke shigowa ta nan mai laushi ne kuma yana cika fuska gaba ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya taga tana bayanka, sai bayan ya yi fari tas kai kuma ka zama dodo. Filashi kuwa kashe shi, haka fararen ƙwayayen sola ɗin nan na shago, toka-toka suke mayar da fata. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana hoto ya yi kyau, amma ka shafa mai kaɗan don kar ka fito furu-furu, kaɗan na ce, in ka lafta basilin goshi zai riƙa ƙyalli kamar an soya ka.

Ga wani abu da ya shafe mu mu masu duhun fata da son farar shadda. Kyamara tana ganin farin kaya sai ta rage haske don kar farin ya ƙone, fuskarka ita ke biyan kuɗin, ta yi baƙi ƙirin. Maganinsa mai ɗauka ya dangwala yatsa a kan fuskarka a sikirin kafin ya danna, wayar za ta auna haske da fuskar. Ko kuma ka huta ka sa ruwan toka, sararin samaniya, ruwan ƙasa, duk sun fi fari sauƙin ɗauka.

Sai nisa. Salfi da hannunka yana ƙara wa hanci girma ya tura kunnuwa baya saboda kyamarar ta yi kusa da yawa, shi ya sa wani lokaci kake ganin kamar ba kai ba. Ba ƙaninka wayar, ya goge gilashin kyamarar baya da gefen riga tukunna (maiƙon hannu da ƙura su ne rabin dishi-dishin hotunanmu), ya ja baya kamar taku uku, ya sa zum a 2x, ya riƙe wayar daidai tsayin idonka. Daga ƙasa in aka ɗauka sai hanci da haɓa, daga sama kuma ka koma yaro. Ba kowa kusa? Jingina wayar a kanta ka sa taima na sakan 10. Kuma kar a ɗauki ɗaya a ce ya yi, a ɗauki ashirin ko talatin, a ciki za ka samu biyun da idonka ke buɗe fuskarka a sake. Mu mazan nan muna da wata ɗabi'a, da an ɗaga kyamara sai mu haɗe rai kamar hoton katin zaɓe. Ba cewa na yi ka washe haƙora talatin da biyu ba, irin fuskar da kake yi in babban kwastoma ya yi sallama a shagonka, ita ake nema.

Wajen yankan hoton ka tuna WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok da LinkedIn duk a zagaye suke nuna shi, kusurwoyi huɗun nan duk za su tafi. Daga ƙirji zuwa sama, fuska a tsakiya, ka bar ɗan fili a saman hula ko ɗauri don kar zagayen ya sare ta. Hoton da ka tsaya tun daga takalmi kusa da motar da ba taka ba, a jerin hira bai wuce ƙwayar gero ba. LinkedIn suna so kar ya gaza 400 a 400 na fiksel, kowace wayar yanzu ta wuce nan, abin da ke lalata shi shi ne yawo, an tura wa wane ya tura wa wane an yi sikirinshot. In a wayar wani aka ɗauka ya turo maka a matsayin dokumen ko ya danna HD.

Baya kuma bango fili ya wadatar, ko kantar kayanka daga ɗan nesa. Ka duba da kyau kafin a danna, buta, igiyar shanya, jarkar mai, yaro yana leƙe.

Kaya, sa abin da kwastoma zai same ka da shi ranar da ka yi tsaf. Tela da tef a wuya ya fi tela da kwat ɗin aro. Mai gyaran waya a kan teburinsa, kafinta da ɗan katako a baya. Ko mai neman aikin ofis a LinkedIn kaftani mai guga da hula ya ishe shi, ba wanda ya ce sai da nakatayal.

Filta kuwa, don Allah. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna zuwa da abin gyaran fuskar nan, wani lokaci a kunne, shiga ka mayar da shi sifili. Na taɓa tsayawa a tasha ina jiran wani da zai karɓi saƙo, ya wuce ni sau biyu ni ma ina wuce shi, a hoto fari ne sol ba tabo ko ɗaya, a fili kuwa kalarmu ɗaya. Yanzu kuma an samu na AI da ke sa wa mutum kwat da ofis mai gilashi, mutane sun fara gane su, kuma da an gane sai a ce wannan da ya yi ƙarya a fuskarsa ina ga kayansa.

Hajiya da ke sana'a daga gida, na san da yawa ba sa son sa fuska, ko don maigida ko don ra'ayin kansu ko tsoron masu kwashe hotunan mata, kuma wannan ba aibu ba ne, ba kuma zai hana ciniki ba. Abin da ba ya yi shi ne cike gurbin da hoton jaruma, ko fulawa, ko ɗanki na goye. Ki yi tambari mai sauƙi a manhajar zane ta Canva, sunan sana'ar da manyan baƙaƙe, kala biyu, ba lambar waya ba dogon bayani don ba mai iya karanta su a ɗan zagayen. Ko ki ɗauki abu ɗaya da kika fi ƙwarewa a kai daga kusa, hannu da lalle, kasko da hayaƙin turaren wuta, kek guda ɗaya a faranti. Sai ki riƙe shi a ko'ina, wanda ya gan ki a Instagram ya biyo ki WhatsApp ya tarar da abu ɗaya. Sunan ma haka, in kin yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ki buɗe akawun da shi, in ba ki yi ba ki faɗa wa kwastoma tun kafin ya tambaya cewa ga sunan da zai gani in zai tura.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kashe ciniki mutane ba su sani ba. In a saitin WhatsApp ka ce lambobin da ka ajiye kaɗai za su ga hotonka, sabon kwastoma da ya samo lambarka a wani guruf ba abin da zai gani sai farin kan nan mara fuska, irin na wanda aka yi wa bulok. Lambar sana'a a buɗe ta ga kowa. Shi ya sa ya fi ka raba layi, WhatsApp Business tun 2018 yake kuma kyauta ne, can hoton aiki, layin gida kuma ka sa ɗan ƙwallonka ka rufe abinka.

Buɗewar tana da haɗarinta, 'yan damfara suna ɗaukan hoton ɗan kasuwa su buɗe wata lamba su karɓi kuɗi da sunansa. WhatsApp sun hana sikirinshot na dipi a 2024 amma mai waya biyu ba ruwansa da wannan. Kunna fin na mataki biyu, wato lambar sirrin da ake sawa a saitin WhatsApp, kar ka ba kowa lambobi shidan da ke zuwa ta tes ko da ya ce shi admin ne na guruf ɗin masallaci, kuma lokaci-lokaci ka rubuta a sitatus cewa lambarka ɗaya akawun ɗinka ɗaya.

In ka samu hoton da ya yi, bar shi ya zauna. Barka da Juma'a, ta'aziyya, fostar ɗan takara, sabon kaya, duk sitatus aka yi wa su, awa 24 su sauka. Mutane da hoto suke nemo ka a cikin ɗaruruwan hira, ba da suna ba, ka canja yau ka canja jibi sai tsohon kwastoma ya yi ta gungurawa ya gaji. Ni sai in kamannina sun canja nake sakewa, kamar lokacin da na tara gemu. Kafin ka ɗora ka tura wa mutum biyu da ba sa jin kunyarka, irin yayarka mace, ka ce in ba su san ka ba za su tura wa wannan dubu hamsin? Tawa yayar hotuna uku ta watsar, ta ce ɗaya kamar an kama ni da kayan sata, na huɗun da ta zaɓa a ƙofar shago aka ɗauka wajen ƙarfe biyar, kaftani ruwan toka, huluna jere a bayana.