Yadda na hana haɗin ruwa-cikin-mai-cikin-ruwa rabuwa

Haɗin man gyaɗa nake yi: ɗigon ruwa cikin mai, man kuma cikin wani ruwan. Da zafin Maradi, kafin la'asar ya rabu. A madubin ƙara girma sai ka ga ɗigon ciki sun kumbura har sun fashe, domin gishirin ruwan ciki yana jawo ruwan waje ta cikin man. Sai na zuba sukari a ruwan waje har ƙarfin jan ruwa na sukarin da na gishirin suka zo daidai.

Zagayen farko, na haɗa ruwa cikin mai, na buga da ƙarfi da Span 80, sinadarin da ke riƙe ɗigon ruwa cikin mai. Na biyu kuwa, na haɗa man cikin ruwan waje, Tween 80 kaɗan (sinadarin da ke riƙe ɗigon mai cikin ruwa), juyi sannu-sannu, don bugun ƙarfi fasa ɗigon yake. Na ƙara ƙaro ya yi kauri. Yanzu yana kwana bai rabu ba.