Zaka koma Abuja? Ga lokacin da ya kamata ka fara neman gida

Kar ka fara tun saura wata 4, ɓata kuɗin mota ne kawai, gidan da ka gani yau wallahi kafin sati wani ya biya. Saura sati 6 ya isa. Ka samu wajen ɗan'uwa ko aboki ka ɗan raɓa tukunna, kuɗinka kuma su kasance a hannu don a Abuja hayar shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan ga na lauya ga koshon, wato kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa ko da zaka lalata wani abu.

In da hali ka nema da damina, Agusta zuwa Satumba, lokacin ne gida ke tona asirin kansa, ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai shatin ruwa, ka kalli gindin bango, ka tambayi mai shagon layin ko ruwa na shiga, musamman wajajen Lokogoma. Da rani fenti ya rufe komai.

Sannan in Mararaba ko Nyanya ne, kaje ranar Litinin ƙarfe 6 na safe ka hau mota zuwa wajen aikinka ka ga go-sulo da idonka kafin ka tura ko sisi.