Tsohon soja mai son komawa jami'a, ga yadda za ka rubuta wasiƙar neman shiga

Wannan bayanin naku ne ku da kuka aje kaki ko kuke gab da ajewa, soja ne ko jandarma ko gardi, kuma rai na son komawa karatu bayan an haura talatin ko ma arba'in. Haɗa dosiye bai ba soja wuya, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, sakamakon bak, a yi fotokofi a kai meri a buga hatimi shikenan. Inda ake kakarewa wajen wasiƙar nan ce, letar motibasiyo, wadda ake yawan nema in za ka master ko makarantar kuɗi ko kana neman bursu ta waje.

Yallaɓai kada ka rubuta ta kamar rapor da za ka miƙa ma kwamanda. Na shiga shekara kaza, an kai ni Tondibiya, an kai ni Agadas, an ba ni kaporal, an ba ni sarjan, duk wannan yana cikin takardar aikinka kuma za su gani. Malamin da ke karanta wasiƙarka farar hula ne, ƙila bai san bambancin sarjan shef da ajudan ba, kuma ga tarin dosiye gabanshi. Abu biyu yake nema, me ya sa wannan fannin kake so ba wani ba, sannan mutumin da ya daɗe rabonshi da kaye zai iya zama cikin anfi tare da yara sa'annin ƙannenshi ya jure har shekara uku na lisans ko biyu na master?

To hanya mafi sauƙi, kafin ka taɓa biro ɗauki wayarka ka yi vokal da Hausa kamar kana ma abokinka bayanin aikin da ka fi daɗewa kanshi, ba labarin harbi ba, aikin yau da gobe. Wani magaze ya riƙe, yana lissafin buhun shinkafa da gazuwal na kamfani guda, wani anfirmiye ne yana ɗaurin rauni inda babu likita kusa, wani gyaran kamiyo ko rediyo, wani gina gada da haƙar rijiya. Sai ka saurara ka tsamo abu ɗaya tak wanda ya haɗu da karatun da kake nema. In fannin lafiya kake so a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, faɗi ranar da ka gane iyakar saninka, ka iya tsaida jini amma ba ka san me ya sa zazzaɓi ya ƙi sauka ba, shi ya sa kake son karatu. In IUT ne, wato sashen koyon fasaha na jami'ar, wajen gine-gine ko lantarki, kawo aikin da ka yi da hannunka da abin da ya gagare ka saboda rashin lissafi. In noma ne, ai jami'ar na da tsangayar aikin gona, faɗi abin da idonka ya gani na zaizayar ƙasa da matsalar ruwa garuruwan da ka zauna, da gonar da kake son komawa. Wannan ya fi ka rubuta ina da tarbiya, ina da juriya, ina da kishin ƙasa, don kowa haka yake rubutawa har wanda bai taɓa tashi faretin asuba ba.

Maganar fagen daga kuwa a yi hattara. Wanda ya yi Diffa bayan harin Boko Haram na 2015, ko ya je Mali ƙarƙashin MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin a rufe ta a 2023, yana iya ambata a layi ɗaya ya wuce. Sunan sansani, yawan mutane, irin makamai, ba su da wuri cikin takardar da za ta yi yawo ofis ofis, sirrin aiki na kanka ko bayan ritaya. In kuma har yanzu kana cikin kaki to nemi izinin manyanka a rubuce tukuna. Ni a ganina ma labarin gawa da jini bai ƙara maki, sai dai ya sa mai karatu ya manta fannin da ka nema.

Shekarun da ka yi ba lakwal kada ka ɓoye su kuma kada ka tsaya ba da haƙuri. Jimla biyu sun isa, na ci bak shekara kaza, na yi aikin soja shekara kaza, yanzu na dawo. Abin da ya fi muhimmanci ka nuna ka fara shiri, kana bitar lissafi da dare, ka yi kwas ɗin kwamfuta, ko ka sake zana bak a matsayin kandida libir. In kana da iyali faɗi a taƙaice cewa ka tsara yadda gida zai tafi, malamai sun san yawanci hidimar gida ke fidda manya daga aji ba ƙwaƙwalwa ba.

Tsawo, shafi ɗaya. Da faransanci a jami'o'in gwamnati, in kuma irin su jami'ar Maryam Abacha ne da ake karatu da turanci sai ka tambayi yaren da suke so. Masu hangen Amurka, a tsarin Common App da ake neman shiga jami'o'insu ta intanet, kalma 650 ce iyaka kuma su sun fi son labari da bakinka, to a can kana iya sakin jiki fiye da nan.

Gajerun sunayen nan na bariki duk ka warware su ko ka cire. Kuma don Allah kada ka biya yaron sibar ya kwafo maka ta intanet ya canza suna, daga layin farko ake ganewa. Rubuta da kanka ko da kurakurai, ka ba wani malamin lise ya gyara faransancin, sannan ka ba wani farar hula da bai san bariki ba ya karanta, duk inda ya tsaya ya ce me kake nufi nan, sake rubuta wurin. Kafin ka buga duba sunan tsangayar da na shugaban da kake aika ma, sa kwanan wata da lambar wayarka, ka sa hannu da biro, ka aje kofi ɗaya gida.