Yadda zaka haɗa buroshinka a Photoshop, ya yi fenti kuma ya goge

Buroshi a Photoshop hatimi ne kawai, hoto ɗaya ne manhajar ke bugawa a jere da sauri har ka ga kamar layi. In ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Buɗe sabon fayil mai farin bango, kamar fiksel 1000 a kowane gefe ya isa, iyakar da Photoshop ke karɓa 5000 ne amma ba ka buƙatar kai wa can, buroshi ƙato nauyi kawai yake ƙara wa kwamfuta. Sai ka zana abin da kake so da baƙi, ganye ne, feshin tawada ne, gajimare ne, ko ma sa hannunka. Ka kula da kyau a nan domin shi ne inda mutane ke rikicewa: wurin da yake baƙi shi ne zai fito sosai, fari ba ya fitowa ko kaɗan, toka-toka kuma yana fitowa rabi-rabi ana hango abin da ke ƙasansa. Launi ba ya shiga lissafi, ko da ja ka zana zai maida shi toka ne, launin da zaka yi fenti da shi daga baya kake zaɓa. Ka gama sai ka shiga Edit, ka danna Define Brush Preset, ka sa masa suna.

Yanzu in ka ja shi zaka ga bai yi kyau ba, hotunan da yake bugawa duk sun hau juna sun cuɗe. Danna F5 ka buɗe Brush Settings. Spacing shi ne tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ƙara shi har hotunan su rabu, misali ganyen in ganye ka zana. A Shape Dynamics ka ɗaga Size Jitter da Angle Jitter don girma da juyawa su riƙa canzawa, Scattering kuma ya warwatsa su, amma dan Allah kada ka kai komai ƙarshe, kaɗan-kaɗan ya fi kama da aikin hannu. Sannan ka sake ajiye shi a matsayin New Brush Preset, in ba haka ba saitin zai tafi da zarar ka canza buroshi.

To batun gogewa. Ka yi ciyawa da buroshi mai gashi-gashi sai ka ɗauko magogi mai zagaye ka goge gefe, nan take ido zai gane wurin saboda bakin ya fito sumul. Gyaran shi ne ka goge da buroshin da ka yi fentin da shi. Tun Photoshop 2020 in ka danne maɓallin ~ kana ja, buroshin ya zama magogi da duk saitinsa, ka saki ya koma fenti. A tsohon Photoshop ka canza Mode ɗin buroshin zuwa Clear, sai dai wannan ba ya aiki a kan leyar Background da ke kulle, dole ka yi aiki a leya daban (leya shimfiɗa ce ta zane da ake ɗorawa a kan wata). A manhajar zane ta Krita ma harafin E ne kawai.

Ni dai na fi son Layer Mask, wato rufin da ke ɓoye sashen leya ba tare da ya goge shi ba. Ka sa mask a leyar, ka ja buroshin da baƙi ya ɓoye, ka ja da fari ya dawo da abin, harafin X na juya maka su biyun ba sai ka ɗaga hannu ba, kuma ba fiksel ɗaya da ya ɓace, gobe ma in ka canza shawara yana nan.

Masu amfani da manhajar GIMP ku kwafi zanen ku shiga Edit, Paste as, New Brush, zai ajiye shi a matsayin fayil ɗin .gbr. Na Photoshop kuwa .abr ne, ka fitar da naka ta Export Selected Brushes ka ajiye a wani waje kafin ka sake girka manhajar.