Otal ɗin Cikin Filin Wasa da Tikitin Tsallake Layi: Yadda Ake Gane ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu

Kwanakin baya kawuna, wanda ke cinikin shinkafa a Birnin Kebbi, ya aika a kira ni shagonsa bayan La'asar, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini wannan lissafi, domin ban gane abin da ake so in saya ba." Wani mai shirya tafiye-tafiye ne ya aiko masa da farashi iri biyu na hutun da yake son kai iyalinsa Abu Dhabi. Ɗaya otal ne a cikin gari, ɗayan kuma yana jikin filayen wasa na tsibirin Yas, wato manyan wuraren shaƙatawa masu lilo iri-iri, an haɗa masa da tikitin tsallake layi da abinci da ɗaki mai kallon ruwa, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Hanyar da muka bi muka warware lissafin, ina zaune a kan buhu shi yana danna na'urar lissafi, ita ce zan shimfiɗa a nan, domin tana aiki ko Dubai mutum ya nufa, ko Faransa, ko Amurka.

Da farko sai a san abin da ake sayarwa. Wanda ya taɓa zuwa Umara ya riga ya san wannan ciniki, domin ya ga bambancin kuɗin ɗakin da ke bakin Harami da na Aziziyya. Katifar kusan ɗaya ce. Abin da mai biyan tsada ya saya shi ne ya ji kiran salla ya sauko ya sami sahu. Otal ɗin cikin filin wasa ma lokaci yake sayarwa da gajeriyar hanya, saboda haka da waɗannan biyun za a auna shi, a bar hoton fitilu da marmara da ke cikin talla.

Sai a nemi a rubuto, ɗaya bayan ɗaya, gatan da mazaunin otal ɗin yake samu wanda na waje ba ya samu. A Walt Disney World da ke jihar Florida, wanda aka buɗe a 1971, mazauna otal-otal ɗin kamfanin suna shiga filayen wasa huɗu minti 30 kafin sauran jama'a, ana jigilarsu kyauta a bas da jirgin ruwa da jirgin dogo, ba sa biyan kuɗin ajiye mota a bakin filin, kuma suna iya kama gurbin tsallake layi kwana 7 kafin zuwansu, alhali na waje sai saura kwana 3. Minti 30 kamar ba komai ba ne, amma da sassafe layin da zai ci awa guda da hantsi yakan ƙare cikin ɗan lokaci. Mu kuwa wannan gata ya fi dacewa da mu, tunda Asuba ta riga ta tashe mu, kuma agogon Florida yana bayan namu da awa 5 ko 6, ta yadda a kwanakin farko yara da kansu za su farka tun da duhu. Iyalin da ba sa iya fita ɗaki sai rana ta ɗaga sun biya kuɗin wannan gata a banza.

Dalilin cewa a rubuto shi ne gatan yana canzawa. Tsallake layi a Disney ya kasance kyauta tun daga 1999, amma daga 2021 ya zama na kuɗi, kuma motar da ke ɗauko baƙin otal daga filin jirgin Orlando kyauta an daina ta a farkon 2022. Shawarar wanda ya je shekara goma da suka wuce, komai gaskiyarsa, tana iya zama tsohon labari.

Inda lissafin ya fi juyawa ga iyalin Bahaushe shi ne yawan kawuna. Yawancin ɗakunan irin waɗannan otal-otal an ƙayyade su ga mutum huɗu, wasu biyar, kuma ba wuri ba ne da za a shimfiɗa wa yara tabarma a ƙasa a ce an daidaita, domin da sunan kowane baƙo ake ba da katin gata. Kawuna su bakwai ne, shi da mai ɗakinsa da yara biyar, wato ɗaki biyu ke nan, kuma duk ƙarin da aka gani a farashin ɗaki ɗaya sai an ninka shi biyu, a sake ninkawa da yawan kwanaki. Idan aka sami wannan jimla, sai a ɗora ta kusa da abin da na waje zai kashe: kuɗin mota zuwa da dawowa kullum, kuɗin ajiye ta, da tikitin da zai saya da hannunsa wanda na ciki ya samu a cikin kuɗin ɗaki. Sau da yawa babban iyali ya fi samun sauƙi a gidan haya mai ɗaki uku da madafa, irin waɗanda suka cika Kissimmee kusa da Disney, inda uwargida za ta iya dafa shinkafa da kifi da dare ba sai an yi ta neman abincin halal ba. (A nan zan ƙara da cewa kada a yi guzurin kilishi zuwa Amurka, domin ba a yarda a shiga da nama ba, kuma a filin jirgi za a karɓe shi.)

Akwai kuma wuraren da yawan kawuna yake zama riba. A Universal Orlando, otal uku, wato Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba kowane mazaunin ɗaki tikitin tsallake layi marar iyaka a filayen wasa biyu na farko, kuma yana aiki ranar shiga otal da ranar fita. Wannan tikiti idan da kai za ka saya yakan wuce dala 100 ga mutum guda a rana a lokacin cunkoso. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya, kwana ɗaya tak, sun sami tikiti takwas ke nan, wanda kuɗinsu kan iya zarce kuɗin ɗakin kansa. Sai dai gatan bai haɗa da sabon filinsu na Epic Universe da aka buɗe a 2025 ba. Haka a Dubai, mazaunin Atlantis The Palm yana shiga filin wasan ruwa na Aquaventure ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma otal-otal na Yas sukan haɗa kwana da tikitin shiga Ferrari World ko Warner Bros. World ko SeaWorld. A irin wannan yanayi sai a cire kuɗin tikitin kowa daga kuɗin ɗaki, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin kwana, shi za a gwada da na otal ɗin cikin gari.

Tikitin tsallake layi yana buƙatar a yi masa tambaya biyu kafin a biya. Ta farko ita ce tsawon yaran, kuma wannan darasi da kuɗina na koye shi. A wani filin wasa da na kai iyalina, na saya wa kowa tikitin tun daga gida, ina ganin na yi dabara. Da muka isa bakin babban lilon nan mai gudu a kan dogo, sai ma'aikaciya ta jingina autana da sandar awo, ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta girgiza kai. Saura kamar yatsa biyu ya kai alamar. Ya yi ɗage har da tsayawa a kan yatsun ƙafa, ba ta sauya magana ba. Ƙarshenta mahaifiyarsa ta zauna da shi a inuwa, tikiti biyu suka tashi aiki, wasannin ƙananan yara da ya iya hawa kuwa dama ba su da wani layin kirki. Kowane filin wasa yana wallafa mafi ƙarancin tsawon da ake buƙata ga kowane lilo, don haka a auna yara da tef ɗin tela a gida, da takalmi a ƙafa, a ƙirga wasannin da kowannensu zai iya hawa. Haka kuma a tambayi manya tsakani da Allah ko za su hau, domin Formula Rossa na Ferrari World yana kai gudun kilomita 240 a awa, kuma da na faɗa wa kawu haka cewa ya yi shi dai zai riƙe wa yara jaka.

Tambaya ta biyu ita ce lokacin zuwa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa hutun mako Asabar da Lahadi ne tun 2022, kuma ranakun Salla da hutun makarantu su ne lokacin turmutsutsu, kamar yadda ƙarshen Disamba yake a Florida da Disneyland Paris. Wanda zai je ranar Talata yara suna makaranta zai iya tarar da layin da bai kai a biya kuɗin tsallake shi ba. Manhajojin waya na filaye da yawa suna nuna mintunan jira, saboda haka a riƙa duba ta kwana da kwanaki kafin tafiya, a rana da sa'a irin waɗanda za a je. Idan jiran manyan wasanni bai wuce minti 20 ba, a riƙe kuɗin. Idan yana kai awa guda kuma yini ɗaya kacal ake da shi, a saya, amma ga masu hawa kaɗai.

Zafi ma yana shiga lissafin otal. Mutumin Kebbi ya san ranar Afrilu, amma zafin bakin tekun Larabawa da ke wuce digiri 40 yana zuwa ne da gumi mai nauyi. A irin wannan lokaci, samun ɗakin da za a koma a ƙafa da Azahar, a yi salla, yara su yi barci, a dawo da yamma, shi ne gatan da na fi ganin ƙimarsa, musamman ga mai goyo ko mai tafe da tsohuwa.

Sauran ƙarin ba sa buƙatar dogon nazari. Ɗaki mai kallon ruwa ba na ba da shawararsa ga wanda zai fita da safe ya dawo a gajiye bayan Isha. Tsarin biyan kuɗin abinci gaba ɗaya yana da ma'ana a ƙasashen Larabawa, amma a Amurka da Turai wanda zai tsaya ga kifi da ganye ba zai ci kuɗinsa ba. Jagora na musamman a Disney ana biyansa ɗaruruwan daloli a kowace awa, mafi ƙaranci awa 7, ban da tikitin shiga. Wannan na wanda kuɗi ba su dame shi ba ne.

Wajen biya, tunda da dala ko dirhami ake cinikin kuma naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, a zaɓi farashin da ake iya sokewa a maido da kuɗi ko da ya ɗan ɗara, har sai biza ta fito. Kuma ba dole ba ne a yi duk kwanakin a wuri guda. Abin da kawu ya yi ke nan: ya ɗauki kwana biyu a Yas a tsakiyar mako, ɗaki biyu masu kallon wurin ajiye motoci, da tikitin shiga a cikin kuɗin, sauran kwana huɗun kuma a cikin gari kusa da kasuwa. Tikitin tsallake layi ya ce sai ya isa ya ga layin da idonsa, kuma ko zai saya, na manyan yaran uku ne kawai.